Tsohon da ke Gaban Jerin Abinci

Ina layi gaban motar sayar da abinci a birnin Tucson, wata dattijuwa ta miƙa wa mai motar wayarta.

"Ɗan nan, shafinka na intanet ya wahalar da ni. Jerin abinci nake nema, sai bidiyon wani tsoho mai hula ya cika wayar, yana murmushi. Cire shi, yana korar maka masu saye."

"Mahaifina ne, Mama. Shi ya fara sana'ar nan. Bara ya rasu."

"Allah sarki. Amma mai jin yunwa wuce shi yake yi."

"Kowa?"

"Har ni."

Mai motar ya juya naman da yake gasawa, bai ɗago kai ba.

"Ni kullum sai na jira ya gama murmushin."