Yadda Oyola Ke Ciro Ƙwallo

A tashar bas ta Kordoba, wani mai karanta jarida ya juyo ga Don Eusebio, tsohon mai ɗaukar jakar 'yan golf.

"Baba, ɗan golf ɗin nan Oyola ya gama yawo. Tunda aka yi masa tiyatar baya, ko gasa ɗaya ba zai ci bana ba."

"Ka taɓa kallon yadda yake ciro ƙwallo daga rami? Mai ciwon baya durƙusawa yake yi. Jiya kan ƙafa ɗaya ya sunkuya. Uku zai ci, ka rubuta ka ajiye!"

"Ka san shi ne?"

"Shekara sha biyu ina ɗaukar masa jaka. Ya sallame ni, wai idona ya tsufa."

"Kuma kake kare shi?"

"Wa ke kare shi? Idona nake karewa."