Rariyar Injinmu Ta Zama Hauya

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Sale, manomi daga ƙasar Waca.

Garinmu inji guda gare mu na ɓarar gyaɗa, tsoho, na juyawa da hannu, wanda Nasara suka kawo. Bana, gyaɗa na jibge, rariyar cikinsa ta tsage. Na sa maƙerinmu ya ƙera sabuwa, na bar masa tsohuwar, yadda kowa ke barin tsohon ƙarfe a maƙera. Sabuwar kuwa farfasa gyaɗa take yi, masu awo suka ƙi saye.

Na hau mota har Kano neman wata rariyar a kanti. Mai kanti ya ce, "Irinsu da yawa, Malam. Kawo tsohuwar mu gwada." Na dawo a guje. Maƙeri ya ce, "Haba Sale, ai tuni ta zama hauya."

Yanzu matanmu da hannu suke ɓara, yatsu duk sun tsattsage, ga masu awo na shirin tashi. Mutanen Dungas da Kwaya, mai irin injin nan, don Allah ya ara mini rariyarsa in kai Kano a gwada. Ko matacciya ce, ina so.