Jawabin Morrisania

Ni na riga kowane Bahaushe ganin unguwar Morrisania ta birnin New York. Jiya a tashar bas na ji wata ɗaliba da wani mai talla suna hira, ba su san ni ba.

"’Yar'uwa, takardar mece ce?"

"Tarihin unguwar nan, Malam. Zan karanta a taron Hausawa ranar Lahadi. Da can gari ne mai zaman kansa, New York ta haɗiye shi."

"Ba wani tsoho ke jawabin ba?"

"An cire shi. Tarihinsa daga ranar da ya sauka filin jirgin JFK ya fara."

Tsohon nan ni ne. Ita a littafi ta gani. Ni na kwana a ƙonannun gidajen nan, cikin sanyi ba hita. Mai musu ya zo Lahadi ya ƙwace lasifikar daga hannuna!