Yadda Masunta da Manoma Suka Jeru a Layi Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahamatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Badamasi. Iyayenmu Sarkin Ruwa Malam Isa da Sarkin Noma Alhaji Shu'ibu. Malamanmu, iyaye mata, baƙinmu na Miga da Kafin Hausa, ɗalibaina masu karɓar takardar shaida yau, da sauran jama'ar Haɗeja, ina yi muku barka da zuwa. Ina godiya ga iyayen da suka sakar mana 'ya'yansu, ina kuma godiya ga mai janareton da bai taɓa gajiya da mu ba.

An ce in yi bayanin abin da muka koyar, sai na zaɓi darasi guda, domin shi ne ya fita daga aji ya shiga gari.

Kowa a nan ya san kacalla, ciyawar da ke toshe mana hanyoyin ruwa. In ba a sare ta kafin damina ba, ruwa zai bar hanyarsa ya bi gonaki da gidaje. Saranta kuwa aikin gayya ne: manoma ke da hannaye, masunta ke da kwale-kwale. Bana ƙungiyoyin biyu suka nemi a yi musu shafi guda a intanet, inda kowa zai duba a wayarsa ya ga ranar fita da mashigin da za a nufa. Na ɗora aikin a kan ɗalibata Bara'atu, 'yar Miga.

Ta rubuta kanun magana biyu, Manoman Shinkafa a sama da Masunta a ƙasa, ta kai wa iyayenmu su gani. Sarkin Ruwa ya duba, ya miƙa mata wayarta, ya ce, "'Yata, wa ya ce ki sa mu a ƙarƙashinsu? Kwale-kwalenmu ba zai taɓa ruwa ba sai an gyara." Ta juya su, Sarkin Noma ma ya ce bai san zancen ba. Ga hadari ya fara haɗowa, ga gayya ta tsaya. Gaskiya hankalina ya tashi, domin gidan mahaifiyata yana bakin ruwan nan.

To, ɗalibai, ga darasin, ku riƙe shi.

Na farko, ku san halin abin da kuke aiki da shi. A HTML, wato rubutun da ake gina shafi da shi, kowane kan magana mamaye layinsa yake yi shi kaɗai, ya tura na bayansa ƙasa. Bara'atu ba ta raina kowa ba, haka aka ƙera abin.

Na biyu, kada ku yi masa ƙarfi. Ta yi ta danna maɓallin tazara tana so ta turo kai na biyu gefe, shafin kuwa ya ɗauki tazarar duka a matsayin guda ɗaya. Duk mai koyo sai ya yi wannan wahalar, kuma duk a banza. Hanyar ita ce a zuba kanun biyu cikin akwati ɗaya, a koma CSS, inda ake tsara kamannin shafi, a ba akwatin umarnin da ake kira flex. Nan take za su jeru kafaɗa da kafaɗa. Sannan a raba musu faɗi daidai, girman harafi daidai, launi daidai.

Na uku, ku gwada aikinku a wayar mutanen da za su karanta shi. A kwamfutarmu komai ya yi kyau, amma a ƙaramar wayar Sarkin Ruwa sunan manoma, saboda tsawonsa, ya matse na masunta a lungu. Sai da ta rage girman haruffan, ta sake komawa, ta sake gwadawa.

Duk da haka ban saki jiki ba, domin ko a layi ɗaya akwai hagu akwai dama, kuma manoma ne a hagu. Na raka ta wurin iyayenmu da kaina. Sarkin Noma ya ce ya gamsu, tunda daga hagu ake fara karatu. Sarkin Ruwa ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Malam, ni a allo na yi karatuna, daga dama nake farawa. A bar shi haka."

Ba mu ƙara ko harafi ɗaya ba. Jiya da hantsi kwale-kwalen masunta suka shiga ruwa ɗauke da manoma da laujensu, kuma kafin la'asar ruwa ya fara wucewa ta mashigin da ya toshe tun bara.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sa albarka a ilimin yaran nan, ya ba mu damina mai amfani, ya tsare mana gidaje da gonaki, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.