Rigar da Ta Koma ta Goyo

A gaban kantar sabulai wani magidanci ya yi cirko-cirko da 'yar rigar ulu a hannu, har wata dattijuwa ta leƙo.

"Allah ya raya. Wata nawa jaririn?"

"Wane jariri, Baba? Tawa ce. Maiɗakina ta saƙa min da hannunta."

"Taka? Me ka yi mata?"

"Wanki kawai. Ruwan zafi, garin sabulu, na murje ta sosai."

"Ai dafa ta ka yi, ɗan nan! Ulu ruwan sanyi yake so, da sabulu marar kaifi. Ɗauki na wanke gashi."

Kansa ya ƙara ɗaurewa. "Na gashi? Riga ce fa."

"Ulun ba gashin tunkiya ba ne?"

"To zai dawo da ita yadda take?"

"Ko kusa. Na gaba zai cece ka. Wa ya saba wanke maka?"

"Ita. Ta yi tafiya."

"Kira ta mana."

"Ina! Da bakinta ta ce ba zan yi sati ban yi ɓarna ba. Na rantse zan ba ta mamaki."

"Yaushe ta tafi?"

Ya dubi rigar, ya sunkuyar da kai.

"Jiya."