Allura a Baya, Ciwo a Ciki

A bencin ɗakin gaggawa na wani asibiti, wani dattijo ya juyo wajen wata mata da ke gefensa.

"Hajiya, ji wani abu. Matata ciki ke murɗa mata, sai suka yi mata allura a baya!"

"Haka aka yi wa maigidana, Baba. Jijiyar da ke ɗauko zafin suke kashewa na ɗan lokaci."

"Ban yarda ba. Tun daga unguwar Nima take nishi a motar haya ta trotro, ko magana ta kasa."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ta koro ni, wai na shigo cikin mutane ba hula."

"To ai allura ta ci!"

Ya shafa sanƙonsa. "Wallahi faɗanta bai taɓa yi min daɗi kamar yau ba."