Kwalbar Opanin Twumasi

A tashar motar Kumasi, Dakta Boakye mai binciken tarihi ya zauna kusa da wata tsohuwa sanye da ja da baƙi na makoki.

"Ɗana, wannan kwalbar giyar fa?" ta tambaye shi.

"Ta gaisuwa ce, Maame. Dattijo Opanin Twumasi zan kai wa, ya ba ni tarihin ƙaurar danginsu. Shi kaɗai ya rage da ya sani."

"Kai ne ɗan jami'ar da ya ce zai dawo bayan girbin koko?"

"Ni ne. Aiki ya riƙe ni."

"Girbi huɗu yana ajiye maka kujera."

Sai lokacin Boakye ya gane makokin wa za ta.

"Riƙe kwalbarka da kyau," in ji ta. "Gobe wajen jana'izarsa ka zuba masa a ƙasa, yadda muke yi wa magabata."